Habibu, Kada Ka Amsa Kiran Bakin Kogi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga mahaifinka Isiyaku, a unguwar Misfala ta Makka, zuwa ga ɗana Habibu, a masaukin alhazai da ke Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokin tafiyarka Yusufu. Ummanka na gaishe ka, ƙannenka ma haka. Allah Ya tsare ka a tudu da ruwa, Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya.

Ba labarin gida zan ba ka ba, yadda ka bar shi haka yake. Ranar da ka yi mini sallama na yi ta buɗe baki in faɗa maka wata magana, sai in ga ummanka a tsaye, in haɗiye. Shi ya sa na rubuta. Yusufu ya gayyace ka ƙasarsu ka sha iska bayan wahalar karatu, ni ma ban hana ba, don kakansa Haji Karim mutumina ne, Allah Ya jiƙansa. Ka san na taɓa zuwa can tun kafin a haife ka, lokacin muna ce wa ƙasar Annam, ba Biyetnam da kuke cewa yanzu ba. Amma abin da na taɓa ba ku labari bai wuce shinkafa da kifi ba. Ga sauran.

A lokacin ina yi wa wani muɗawwafi aiki a unguwar Jarwal, mai saukar da alhazan gabas. Haji Karim yana cikin baƙinmu, daga mutanen Cam, wato Musulmin da ke zaune a bakin babban kogin ƙasar. Ya daɗe a Makka yana karatu, Larabcinsa ras. Bayan Hajji ƙafarsa ta kumbura, ba ya iya tafiya shi kaɗai, sai maigidana ya ce in raka shi har gida, in huta a can, in biyo alhazan baɗi. Ni kuwa saurayi, na ji kamar an ba ni duniya.

Kuskurena na farko tun a Saigon na yi shi, a birnin da jirgi zai sauke ku. Na fito da sassafe cikin farar jallabiya, na naɗa farin ƙyalle a ka, yadda kowa ke yi a Hijaz. Na shiga kasuwa ina kallo. Sai na lura duk inda na nufa hanya na buɗewa. Wata mata ta janye ɗanta ta rufe masa ido. Na ce a raina, ai ba su taɓa ganin baƙin mutum dogo ba ne. Na tsaya wajen wata mai sayar da malafa, na ɗauki wannan na ajiye, na taya waccan da hannu, na yi gaba ban saya ba. Da na waiwaya, sai na ga ta kunna takarda tana zagaya kayanta da hayaƙin, tana kaɗa shi ta inda na tsaya, bakinta na motsi.

Da na koma masauki na faɗa wa Haji Karim, sai ya dafa kai. Ya ce, "Ya Isiyaku, farin ƙyalle a ka, nan ƙasar na masu makoki ne. Mai gawa a gida shi ke ɗaura shi. Ka shiga kasuwarsu da sanyin safiya kamar ka taso daga makabarta, kuma ka taɓa kayan mace kafin ta yi cinikin fari, ka tafi. A wurinta ka tafi da sa'ar yinin nan gaba ɗaya."

To, ka ji. Idan ka fita daga unguwar Musulmi, ka sa riga mai launi, ka sa hula ko malafa. Kada ka yi ciniki da safe sai abin da ka tabbata za ka saya. Idan kallo kake so, ka bari rana ta ɗaga. Kuma ka sani, murmushinsu ba kullum yake nufin yarda ba. Mutum zai yi maka murmushi alhali ka ɓata masa rai, don ba ya so ka ji kunya. Ka dinga duban hannu da ƙafa, idan sun fara ja da baya, to ka yi wani abu.

Daga Saigon muka shiga ƙaramin jirgi muka bi kogi. Habibu, kai ɗan Makka ne, ruwan da ka sani na tulu ne da na tekun Jidda. Wannan daban ne. Ja ne kamar an dama kunun kanwa, ba ka ganin abin da ke ƙasa ko da taku ɗaya. Kowane kwale-kwale an zana masa idanu biyu a goshi, duk inda ka juya suna kallonka. A tsakiyar gonakin shinkafa za ka ga ƙananan gine-gine masu fenti, ka zaci wurin hutawa ne. Kaburbura ne. Suna binne iyayensu a gonar da suke nomawa, don kada su yi nisa da su. Ni na taɓa zama a kan ɗaya ina cire ƙaya a ƙafa, sai da mai gonar ya zo ya tsaya a gabana yana hawaye. Ka kiyaye inda za ka zauna.

Garinsu Haji Karim a kan dogayen itatuwa aka gina gidajensa saboda ambaliya, da masallaci a tsakiya. A nan ka ci komai hankali kwance. Amma da ka bi gaɓa ka wuce wata gonar ayaba, ka shiga ƙauyen mutanen Annam, waɗanda ba Musulmi ba. Maƙwabta ne na tun kaka da kakanni, suna saye da sayarwa, ba sa faɗa, kowa ya san iyakarsa. A can alade na cikin yawancin girkinsu. Ka tsaya kan kifi da shinkafa da 'ya'yan itace, ko ka nemi abincin masu bautar Buda, wanda ba sa sa nama ko kaɗan. Akwai wani ruwan kifi mai wari da suke zubawa a komai, kifi ne da gishiri kawai, kada warin ya sa ka yamutsa fuska a gaban mai gida. Ruwa kuwa kada ka sha sai dafaffe, shayi ya ishe ka. Kada ka kwanta ba gidan sauro.

Haji Karim ya koya mini kalma ɗaya tak. Ya ce idan babba ya yi mini magana in sunkuyar da kai in ce "ya", wato na'am ta ladabi. Na riƙe ta kamar na haddace harshen duka. Wannan kalmar ita ta jawo mini abin da zan faɗa maka.

Wata rana na fita yawo ni kaɗai, na bi gaɓa har na wuce gonar ayabar. Rana ta take tsaka. Ka san yadda Misfala take a irin wannan lokaci, ko ba kowa a waje kana jin motsi a bayan bango. Can kuwa shiru ne na daban. Ba tsuntsu, ba kare, ko ɓaunar da ke kwance a taɓo ba ta motsa kunne. Daga baya na ji su rana tsaka suke tsoro, sun ce lokacin ne waɗanda ba mutane ba suke yawo, shi ya sa kowa ke shigewa. Ni ban sani ba. Yunwa nake ji.

A gindin wata ƙatuwar bishiya, dab da ruwa, sai na ga tire a ajiye. Ayaba, dafaffen dankali, ƙoƙon kunun shinkafa, ɗan gishiri a ganye, ga turaren tsinke a soke a ƙasa yana hayaƙi. Ba kowa. Na ce, Allah sarki, su ma suna yin sabil. Na tuna yadda masu hali ke ajiye ruwa da dabino a hanyar Mina don mai wucewa. Na yi bismillah na zauna. Na ci ayaba, na ci dankali, na ɗaga ƙoƙon na shanye.

Ina ajiye shi na ga tsohuwa. Ban ji zuwanta ba. Tana tsaye a cikin inuwar, 'yar ƙarama, cikin baƙaƙen kaya, haƙoranta baƙi ƙirin irin na tsofaffin matansu masu rina baki. Ba ni take kallo ba, ƙoƙon take kallo. Can ta ɗago, ta ce a hankali, "Hai?"

Na zaci gaisuwa ce. Na sunkuyar da kai na ce, "Ya."

Sai ta dafa bishiyar kamar za ta faɗi. Ta sake cewa, "Hai." Na sake cewa, "Ya." Ta matso ta kama hannuna da hannayenta biyu, sanyi ƙalau, ta ja ni. Ni kuwa na ce ai na ci abincin mutane, bai kamata in fizge ba. Na bi ta.

Bukkarta na bayan bishiyar. A ƙuryar ɗakin akwai wani dogon tebur, da jan allo mai rubutunsu a tsaye, da kaskon turare a gabansa. Ta zaunar da ni, ta zubo shinkafa, ta ba ni tsinkayen nan biyu da suke cin abinci da su. Ban iya riƙe su ba. Na yi ta fama, da na gaji sai na soke su a tsakiyar shinkafar, suka tsaya cak, na sa hannu. Tsohuwar ta saki wani sauti a maƙogwaro, ta durƙusa, ta kai goshinta ƙasa, a gabana. Na miƙe a firgice ina cewa "Astagfirullah, tashi, iya, tashi!" da Hausa, da Larabci. Da na juya, ƙofar cike take da mutane, maza da mata. Suka dare na wuce. Ban san yadda na kai gida ba.

Haji Karim ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce, "Wannan tsohuwar sunanta Ba Sau. Hai sunan ɗanta ne. Masunci ne, ya nutse a daidai bishiyar nan, ba a ga gawarsa ba. Duk shekara ranar da ya nutse tana ajiye masa abinci. Shekara da shekaru ba abin da ke taɓa tiren sai tururuwa. Yau ta zo ta tarar an cinye, ta kira sunansa, an amsa. Tsinkayen da ka soke kuwa, haka ake ajiye wa mamaci shinkafa."

Na ce, "To ai tana ganina. Ni baƙi ne, dogo. Ta yaya zan zama ɗanta?"

Ya ce, "Ba ta ce kai ne ba. Za ta ce ya shigo cikinka ne."

Ya kuma gaya mini cewa Hai ma ba suna ba ne sosai, ma'anarsa "na biyu". Haka suke kiran ɗan fari a can, wai don abin da ke neman ɗan fari ya zo ya rasa shi. Na tuna yadda matanmu ba sa kama sunan ɗan fari.

Saboda haka, ya waladi, duk abincin da ka gani a ajiye a gindin bishiya, ko a mararraba, ko a bakin ruwa, da turare a gefensa, ba naka ba ne, ba sadaka ba ce. Kada ka ci, kada ka tsallake, kada ka nuna da yatsa, ka kewaye. Tsinkayen cin abinci ka kwantar da su a gefen kwano. Idan ka shiga gidansu ka cire takalmi, ka fara gaida wanda ya fi tsufa, kada ka ba teburin nan baya, kada ka miƙe ƙafa wajensa. Ba bautarsa za ka yi ba, Allah Ya kiyaye, mutuncin mai gida za ka kiyaye. Abin da aka miƙo maka ka karɓa da hannu biyu. Kada ka shafa kan yaro ko da wasa. Kuma kada ka amsa maganar da ba ka gane ba don a ce kana da ladabi. Gara ka yi shiru ka nemi Yusufu.

Tun daga ranar, kullum rana tsaka sai Ba Sau ta zo gindin tsanin gidan Haji Karim da ƙunshin ganye a hannu. Ba ta hawowa, ba ta kira. Ta tsaya ta ɗaga kai tana kallon ƙofa. Haji Karim ya sauka ya yi mata bayani da harshensu, ta yi murmushi, washegari ta dawo. Matan gidan suka fara tsarguwa, liman ma ya yi magana, ya ce kada baƙo ya jawo musu abin da ba su saba da shi ba tsakaninsu da maƙwabta. Ni kuwa na daina fita. Ina leƙen ta ta tsagin katako, in ga fuskarta da inuwarta 'yar mitsitsiya a ƙarƙashin ƙafarta. Da na sauka na gaishe ta kamar mutum, da watakila abin bai yi nisa ba. Tsoro ya hana ni. Wannan ma ka riƙe: idan ka yi wa mutum kuskure a ƙasar da ba taka ba, ka je da tafinta ka ba da haƙuri tun da wuri. Ɓuya ƙara abin take yi.

Ana haka zazzaɓi ya kama ni, don na raina gidan sauro saboda zafi. Na kwanta ina rawar ɗari. Wata Juma'a maza duk sun tafi masallaci, na ji jikina kamar wuta, na ce bari in sauka in yi alwala a kogi ko na samu in bi sahu. Na leƙa, ba ta gindin tsani. Na sauka ina dafa itace.

Ruwan ya kwanta lumui. Akwai wata ciyawa da ke yawo a kansa, kamar kainuwa amma ta fi girma, mai shuɗin fure. Duk tana gangarawa ƙasa tare da ruwa. Sai na ga wani curi guda yana tahowa sama, shi kaɗai, a hankali, har ya zo daidai ni ya tsaya.

Sai aka ce, "Tanko."

Habibu, ba ka san wannan sunan ba. Ummanka ma ba ta san shi ba. Mutum ɗaya ne ya taɓa kirana da shi, mahaifiyata, kuma ta rasu ina yaro, a hanyarmu ta zuwa daga Kano, muka binne ta a ƙasar Sudan kusa da kogin Nilu. Muryarta ce. Har yadda take jan ƙarshen sunan idan tana so in zo in karɓi abu.

Na ce, "Na'am, Inna."

Aka ce, "Zo mana."

Ba zan ce maka na ga wani abu ba, ban gani ba. Abin da na sani, na ji ruwa a gwiwata, sannan a ƙuguna, kuma ba na jin tsoro ko kaɗan. Daɗi ma nake ji, zafin jikina na fita. Taɓon ƙasa yana riƙe ƙafata a hankali kamar hannu. Da ruwa ya kai ƙirjina na juya kai, sai na ga masunta a cikin kwale-kwalensu a inuwar gaɓa, kusa ƙwarai, da sun miƙo sanda ta kai gare ni. Suna kallona. Ba wanda ya motsa. Ɗaya ma ya juyar da fuska. Daga baya na ji dalili: a wurin masuntan nan, wanda kogi ya kama rabon kogi ne, wanda kuma ya ƙwace masa, to da kansa zai biya.

Ruwa ya shiga bakina. Sai na ji an damƙi wuyan rigata ta baya, an fizga. Ba Sau ce. Tsohuwar da tsawonta bai kai kafaɗata ba, ta shigo har wuya, tana ja tana zage-zage da harshensu, ba ni take zagi ba, ruwan take zagi, tana dukansa da ɗaya hannun. Muka faɗi a taɓon gaɓa tare. Ta hau dukan bayana har na amayar da abin da na sha. Lokacin aka sallame daga masallaci.

Na daɗe a kwance. Haji Karim ya ce zazzaɓi ne, mai zazzaɓi yana jin abin da babu, curin ciyawa kuma iska ko igiyar ruwa na iya tura shi. Na yarda da shi, har yau ina so in yarda. Allah ne Masanin abin da ya kira ni. Amma kai dai, ko lafiyarka ƙalau, kada ka je bakin kogin nan kai kaɗai da rana tsaka. Kada ka yi wanka inda 'yan gari ba sa yi. Idan ka ji an kira ka ba ka ga mai kiran ba, ko da muryata ce, ko ta ummanka, kada ka amsa. Ka karanta Ayatul Kursiyyu ka yi tudu.

Da na samu sauƙi na ce wa Haji Karim ya kai ni wurinta. Muka same ta tana gyaran koma. Na durƙusa na ce ya gaya mata na gode, kuma ya gaya mata gaskiya, ni ba Hai ba ne, sunana Isiyaku, yunwa ce ta sa na ci abincin, ta yafe mini.

Ta saurara, ba ta daina ɗinki ba. Sannan ta yi magana 'yar gajeriya. Haji Karim ya fassara mini.

Ya ce, "Ta ce ta sani. Tun ranar da ka kasa riƙe tsinke ta fara sani. Ta ce ranar da ɗanta ya nutse, mutane na gaɓa suna kallo, ita kuma tana kasuwa. Ta ce wannan karon tana nan."

Na ce, "Tambaye ta, ba ta tsoron abin da masunta ke faɗa?"

Ya tambaye ta. Ta yi dariya, baƙaƙen haƙoran nan suka fito, ta nuna kogin da haɓa. Ya ce, "Ta ce ai kogin ne yake riƙe da nata, tun da ya ɗauke mata ɗa."

Na biyo alhazai na dawo Makka. Bayan shekara ta zagayo, mutanen garin da suka zo Hajji suka sauka a Jarwal, na je na tambaye su labarinta. Suka dubi juna. Ɗaya ya ce da ambaliyar da ta biyo bayan tafiyata, an wayi gari an ga kwale-kwalenta yana juyawa a gindin bishiyar nan, ba kowa a ciki, malafarta a ajiye a kan koma. Ba a ga gawarta ba. Ya ce tsohuwa ce, ruwa kuma ya yi ƙarfi a shekarar. Na ce haka ne. Na fita na nufi Harami, na zauna ina kallon Ka'aba.

Ta bar 'ya mace, tana aure a ƙauyen. Idan tana raye, yanzu ita ma ta manyanta. Na sa wa direban da zai kawo maka takardar nan ƙunshin dabinon Madina da turmin yadi shuɗi. Ka sa Yusufu ya nemo ta, ko 'ya'yanta. Ka ce mata kai ɗan mutumin nan ne da uwarta ta ciro daga ruwa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, kai ne babba. Ka tsaya ta kalle ka da kyau. Ba sai ka ƙara komai ba.

Sauran kuwa ka sani. Ka riƙe sallarka a kan lokaci. Ƙasar ta sha yaƙi, kada ka sa baki a maganar wa ke da gaskiya. Kada ka yi wa abin da mutane ke tsoro dariya, ko da kai ba ka yarda da shi ba. Ka ci kifinsu, ka ga gonakinsu, ka more idonka, ƙasa ce mai kyau da mutanen kirki.

Na ba Allah ajiyarka, Shi da ajiyarSa ba ta ɓata. Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare ka daga sharrin abin da ake gani da wanda ba a gani, Ya sa ka sauka lafiya, ka dawo ka same mu da rai. Ka gaida Yusufu, ka gaida mutanen gidansu, ka ziyarci kabarin Haji Karim ka yi masa addu'a a madadina.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isiyaku